Sayen Mutum-mutumin Yumɓu na Tsohuwar Girka: Abin da Za a Auna Kafin a Biya Kuɗi

Mafi yawan ƙananan mutum-mutumin gasasshen yumɓu da suka rage daga tsohuwar Girka siffofin mata ne masu lulluɓi, sai yara, sai dawaki da shanu. Waɗanda ke ɗauke da siffar halittun tatsuniyoyinsu ba su da yawa idan aka kwatanta, kuma su ne masu saye suka fi kwaɗayi. Ƙarancin kaya da yawan masu nema su suka sa wannan ɓangare na kasuwa ya fi kowane cika da jabu, da kayan da aka harhaɗa daga tarkace, da waɗanda aka tono daga kaburbura ba bisa ƙa'ida ba. Saboda haka shawarar da wannan rubutu zai tsaya a kanta ita ce mai saye ya fara duba takardun abu, sannan lafiyar jikinsa, kyan siffarsa kuwa ya zo a ƙarshe, ko da yake shi ne ya fara jan ido.

Halittun da ake magana a kansu sanannu ne a labaran Girkawa. Akwai kentaur, mai ƙirji da kan mutum a kan gangar jikin doki. Akwai sfinkis, wadda a wurin Girkawa mace ce mai jikin zaki da fukafukai, ba irin ƙaton na Masar da ke kwance a Giza ba. Akwai sairen, tsuntsuwa mai fuskar mace, wadda ake cewa waƙarta na halaka matuƙan jirgin ruwa. Akwai Medusa, ɗaya daga cikin 'yan'uwa uku da ake kira Gogon, mai zare idanu da fito da harshe, wadda ake sa fuskarta a rufin gini don korar sharri. Sai girifin mai kan gaggafa da jikin zaki, da Sikila mai wutsiyar kifi da kawunan karnuka a ƙugunta, da satir, rabin mutum rabin dabba, abokin yawon Diyonisos, abin bautarsu na giya. Yana da kyau mai saye ya san abin da aka yi su dominsa tun asali: wasu an kai su wuraren bauta a matsayin baiko, wasu an binne su tare da mamata, wasu kuma ado ne na akwatuna da gine-gine. Masu karatu da dama suna da hukuncin addini da suke bi game da ajiye siffofi a gida, kuma wannan magana ce da kowa zai warware da malaminsa kafin ya kai ga ciniki. Jagorar nan ta shafi mai tara kayan tarihi, da malamin jami'a, da wanda ke saye wa makaranta ko gidan adana kayan tarihi.

Zamani da yanki

Ma'aunin da masana ke komawa gare shi shi ne kentaur na Lefkandi, wanda masu bincike na Makarantar Birtaniya da ke Atina suka tono a tsibirin Yubiya a 1969. An yi shi wajen ƙarni na 10 kafin Miladiyya, tsayinsa santimita 36, an sami kansa a wani kabari, gangar jikinsa kuma a wani kabarin dabam. A ƙafarsa ta hagu, wajen gwiwa, akwai tsaga da maginin ya yi da gangan, abin da ya sa wasu ke ganin Kiron ne, kentaur ɗin da labari ya ce an raunata shi da kibiya. Yana gidan tarihi na Eretiriya, kuma babu irinsa a kasuwa. Duk wanda ya tallata wani abu da sunan ɗan'uwansa, to kwafi ne, ko ya faɗa ko bai faɗa ba.

Abin da ake iya samu daga tsoffin zamunna shi ne ƙananan kentaur da aka gina da hannu a yankin Biyotiya na tsakiyar Girka da tsibirin Saifurus, tsakanin ƙarni na 7 da na 6 kafin Miladiyya. Siffarsu mai sauƙi ce: ƙafafu kamar sanduna, hanci an tsunkuro shi da yatsu, jiki an ja masa layuka baƙaƙe ko jajaye. A wurin bauta na Ayiya Irini a Saifurus, tawagar Suwidin ta tono siffofin yumɓu kusan 2,000 a 1929, cikinsu har da masu jikin dabba da kan mutum, kuma aka raba su tsakanin Nikosiya da Istokhom. Ƙarfin wannan rukuni shi ne ba su cika karyewa ba, domin cikinsu a cike yake, kuma farashinsu bai kai na manyan kaya ba. Rauninsa kuwa shi ne sauƙin kwaikwayo, domin duk magini mai hannu zai iya gina irinsu da rana ɗaya, kuma babu wani sirrin fasaha da zai tona masa asiri in ba gwajin ɗakin bincike ba.

Rukuni na biyu shi ne ƙananan kwalaben turare masu siffar sairen ko sfinkis, waɗanda aka yi a Koranti da gabashin duniyar Girkawa, wato Rodas da gaɓar Asiya Ƙarama, a ƙarni na 6 kafin Miladiyya. An yi su da mazubi, an yi su da yawa, kuma fatake sun kai su ko'ina a gaɓar Bahar Rum. A ganina wannan ne rukunin da ya fi dacewa da mai farawa. Misalansu suna da yawa a kundayen gidajen tarihi, don haka kwatanci ba ya wuya. Girmansu bai wuce tafin hannu ba. Kuma da yake sun daɗe a tarin Turawa tun ƙarni na 19, ana iya dacewa da wanda tarihin mallakarsa a rubuce yake.

Allunan tsibirin Melos kaya ne na daban. Faifai ne marasa kauri da aka yi a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, aka yanke bayan hoton ya zama siffar kaɗai ta rage, aka huda ƙananan ramuka don kafa su a jikin akwatin katako. A kansu ake ganin Sikila, da sfinkis ta danne saurayi, da jarumi Belerofon yana yaƙar dodanniya Kimera, da jarumi Fasiyos ya sare kan Medusa. Ba su da yawa a duniya, kusan duk waɗanda aka sani an buga hotunansu tun tuni, kuma mafi yawansu suna manyan gidajen tarihi irin na Landan da Faris da Balin. Idan ɗaya ya bayyana a kasuwa ba tare da an taɓa ambatonsa a wani tsohon kundi ba, wannan shirun kansa ya isa dalilin ja da baya.

Daga kudancin Italiya da Sisili, inda Girkawa suka kafa birane irin su Taranto da Gela da Sirakusa, kaya iri uku suke fitowa. Akwai marufan bakin rufi masu fuskar Medusa ko ta satir, waɗanda suke da kauri da nauyi, suna kuma jure ɗauka da ajiyewa. Akwai siraran siffofin girifin suna farautar barewa ko doki, waɗanda aka shafa wa ruwan zinariya aka manna a akwatunan gawa a Taranto a ƙarni na 4 kafin Miladiyya. Suna da kyau ƙwarai, amma sun fi ƙwai saurin fashewa, kuma da wuya a sami wanda ba a ɗinke ba. Sai manyan tuluna na garin Kanosa na ƙarni na 3 kafin Miladiyya, masu fuskar Medusa a gaba da ƙananan siffofi a tsaye a kansu. Waɗannan tulunan su ne suka fi jan ido a kundin gwanjo, su ne kuma suka fi yawan matsala, domin siffofin da ke kansu sukan ɓalle a cikin kabari, masu gyara kuma su manna duk wadda ta zo hannu, ko da daga wani tulun ta fito. Ƙari a kan haka, kudancin Italiya na cikin yankunan da masu tonon dare suka fi yi wa ɓarna daga shekarun 1970 zuwa 1990, don haka kaya daga nan sai an tsananta binciken takardunsu fiye da na ko'ina.

Tsoffin garuruwan Tanagara da Mirina su ne sunayen da kowa ya sani a wannan fanni, kuma labarinsu ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne tushen yawancin ruɗanin da ke kasuwa har yau. A farkon shekarun 1870 mazauna ƙauyukan da ke kewaye da tsohon garin Tanagara a Biyotiya suka shiga tonon kaburbura, suka fasa dubbai cikin 'yan shekaru, suna fito da siffofin da aka yi daga ƙarshen ƙarni na 4 kafin Miladiyya. Da aka nuna su a babban baje kolin Faris na 1878, attajiran Turai suka yi musu caa, farashi ya tashi, kaburbura kuma suka ƙare. Masu sana'a a Atina suka cike giɓin ta hanyoyi uku: suna manna kan wannan a jikin wancan, suna sabunta fentin da ya goge, suna kuma gina sababbi ɗungurungum. A shekarun 1880 aka ga wasu manyan siffofi masu mutum biyu ko uku a haɗe, ɗauke da al'amuran tatsuniya, ana cewa daga Asiya Ƙarama suka fito, ba a kuwa taɓa nuna kabarin da aka same su ba. Masanin Faransa Salomon Reinach, wanda shi da Edmond Pottier suka tona makabartar Mirina a arewacin Izmir daga 1880 zuwa 1882, yana cikin waɗanda suka fito fili suka ce jabu ne, kuma lokaci ya gaskata shi. Manyan gidajen tarihi sun saya, daga baya suka kwashe su daga wurin nuni suka mayar ɗakin ajiya.

Darasin da ke nan ga mai saye yana da ɗan ɗaci. Takardar da ta nuna abu yana hannun wani iyali tun 1890 tana wanke shi daga zargin sata ta zamani, amma ba ta tabbatar da cewa na da ne, domin a daidai wannan lokacin ne aka fi ƙera jabun. Kayan Mirina na gaske, irin su sairen mai makoki tana jan gashin kanta ko tana riƙe da molo, da Eros, abin bautarsu na soyayya, mai fukafukai, wasunsu har da sunan magini kamar Difilos a rubuce a baya, suna da laushin aiki da ba ya ɓuya, amma masu jabu sun san wannan sarai, kuma wani lokaci da mazubin da aka ɗauka daga na gaske suke aiki.

Na asali, tsohon jabu, ko kwafi

Kafin a shiga zancen gwaje-gwaje, ya kamata mutum ya tambayi kansa ko na asali yake bukata. Wanda zai koyar da ɗalibai, ko zai ƙawata ɗakin karatu, ko yake son ya riƙa juya abu a hannu yana nazarin siffarsa, kwafi mai lasisi ya fi masa amfani nesa ba kusa ba. Ma'aikatar al'adu ta Girka tana da hukumar da ke yin kwafin kayan gidajen tarihinta tana sayarwa da shaida. Ma'aikatar zubi ta gidajen tarihin Faransa tana aiki tun 1794, ta Balin kuma tun 1819, kuma sau da yawa daga jikin ainihin abin suke ɗaukar mazubi, don haka girma da siffa suna daidai. Galibin kwafinsu na filasta ne ko na roba mai tauri, ba yumɓu ba. Wanda ke son yumɓu sai ya nemi ƙananan masu sana'a a Girka da ke gasawa da fentawa da hannu, inda inganci ya bambanta daga shago zuwa shago. Kwafi ba ya ƙara daraja da shekaru, amma kuma babu hukumar da za ta zo ta karɓe shi, kuma idan ya fashe ana sayen wani.

Tsakanin kwafi da na asali akwai tsoffin jabun ƙarni na 19, waɗanda yanzu sun haura shekara 100, suna kuma da masu tara su da saninsu. Idan an sayar da su da sunansu na gaskiya, a farashin da ya dace da su, ba laifi ba ne, har ma suna da nasu tarihin na yadda Turawan wancan zamani suka so Girka ta kasance. A kundin gwanjo akan gane su da kalamai irin su "a salon Tanagara" ko "bisa samfurin na da". Waɗannan kalamai ba ado ba ne. Mai gwanjo yana zare hannunsa ne daga cewa abin tsoho ne, kuma wanda ya karanta da gaggawa ya biya kuɗin na asali ba shi da wanda zai kama.

Yadda ake duba jikin abu

Sanin yadda aka yi su shi ne rabin bincike. Daga ƙarni na 7 kafin Miladiyya maginan Girka suka koma amfani da mazubi. Akan danna yumɓu a mazubin gaba, a yi baya dabam, sau da yawa ba tare da wani ado ba, sannan a haɗa biyun. Kai da fukafukai da hannuwa akan yi su dabam a manna kafin gashi. A baya akan yanke rami, mai kusurwa huɗu ko zagayayye, don tururi ya fita kada abin ya fashe a wuta. Bayan haka a shafa farin shafe, a gasa, sannan a yi fenti da jan ƙasa da shuɗin Masar da ruwan hoda na saiwar tsiro. Da yake fentin bayan gashi ake yin sa, ba ya kama jiki sosai, shi ya sa na gaske kan zo da ɗigo-ɗigon fari da ɗan ragowar launi a lunguna kawai. Siffar da fentinta ya cika ko'ina, yana sheƙi, ta cancanci tuhuma.

Ta ramin baya ake leƙa ciki da ƙaramar tocila. A na gaske akan ga sawun yatsun magini inda ya danna yumɓu, da layin haɗi da aka shafe daga ciki, da ƙasa ko farin gishirin da ya daskare a hankali cikin ƙarnuka, wani lokaci har da sawun saiwoyi. Ƙasar da aka shafa da gam takan zauna daidai wa daida a ko'ina, har a wuraren da ƙasa ba ta da dalilin kaiwa, kuma takan narke idan aka taɓa ta da auduga mai ɗan sinadarin narkar da gam, gwajin da bai kamata kowa ya yi ba sai mai gyaran kayan tarihi, da izinin mai kaya. Fitilar haske mai launin shunayya da ake duba takardun kuɗi da ita tana nuna wuraren da aka cike da filasta ko aka sake fentawa, domin sukan yi haske dabam da sauran jiki. Akwai kuma batun girma: yumɓu na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin goma idan ya bushe aka gasa shi, saboda haka duk siffar da aka ɗauki mazubinta daga wata takan fito ƙarama, fuskarta kuma a dushe. Tsoffin maginan ma sun yi haka, don haka ƙanƙanta kaɗai ba hujja ba ce, amma idan siffa ta yi daidai da wata sananniya ta gidan tarihi har da inda waccan ta karye, to an san inda aka samo ta.

Gwajin da kasuwa ta fi dogara da shi shi ne na hasken zafi, wanda aka bunƙasa a Jami'ar Okusfod a shekarun 1960. Ƙwayoyin yashi da ke cikin yumɓu suna tara wani ƙarfi daga ƙasar da ke kewaye da su a hankali. Gashi yana share abin da suka tara, sai lissafi ya fara daga ranar da aka fito da abu daga wuta. A ɗakin bincike akan huda wuri ɓoyayye a ɗebi gari kaɗan, kamar miligiram 100, a zafafa shi, a auna hasken da ya fitar. Sakamakon ba ya ba da shekara takamaimai, kuskurensa na iya kai kashi 20 cikin 100 sama ko ƙasa, amma ya isa ya raba abin shekara 2,300 da na shekara 140. Iyakarsa ita ce wurin da aka huda kaɗai yake ba da shaida a kai. Masu jabu sun daɗe da gane haka, sai su sa tsohon gindi na gaske a ƙarƙashin sabon jiki, ko su niƙa tsoffin tarkacen gasasshen yumɓu su kwaɓa da gam su zuba a mazubi. Maganin wannan shi ne a ɗebi samfuri daga wurare biyu ko uku, kai da jiki da fiffike, sannan a ɗauki hoton eksire ko na na'urar da ke leƙa ciki don a ga layukan haɗi. A fara da gwajin haske kafin hoton, domin hasken na'ura mai ƙarfi na iya taɓa sakamako. Takardar gwajin da mai sayarwa ya miƙo kuma, a tabbatar hoton da ke jikinta na wannan abin ne, a tuntuɓi ɗakin binciken da lambarta, tunda takarda ma ana yin jabunta. Kuɗin gwaji kan kai 'yan ɗaruruwan fam, wanda hakan ke nufin ga ƙaramin abu mai araha gwajin na iya kusan kai kuɗin abin.

Masu tara kayan tarihi a Najeriya ba baƙi ba ne ga wannan matsala. Abin da ya faru da siffofin Nok, da na Sakkwato da Katsina, a shekarun 1990 shi ne abin da ya faru da Tanagara shekara 120 kafin nan: tonon dare, harhaɗa tarkace, da takardun gwajin da aka ɗebo samfurinsu daga ɓangaren da ya tsufa kaɗai. Majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su a jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari a shekarar 2000.

Takardu da doka

Sayen kayan tarihi kamar sayen fili ne: kyan wurin ba ya hana mai shi na gaskiya zuwa da takardarsa bayan an gama gini. Ma'aunin da manyan gidajen tarihi ke bi shi ne yarjejeniyar UNESCO ta 14 ga Nuwamba 1970, wato a nuna cewa abu ya bar ƙasarsa kafin wannan rana, ko kuma ya fita bayanta da izini. Amma 1970 ma'aunin ɗa'a ne, ba garkuwar shari'a ba. Girka tana da dokar kare kayan tarihi tun 1834, kuma dokarta mai lamba 3028 ta 2002 ta ce kayan da suka girmi shekarar 1453 mallakar ƙasa ne. Italiya ta mayar da abin da aka tono daga ƙasa mallakar gwamnati tun 1909, Daular Usmaniyya kuma tun 1906, dokar da Turkiyya ke kafa hujja da ita har gobe. Ma'ana, abin da ya fita daga Taranto a 1960 ba tare da izini ba yana iya fuskantar ƙara ko da ya cika sharaɗin 1970.

Barazanar ba ta fatar baki ba ce. A 1995 'yan sanda suka buɗe rumbun dillalin Italiya Giacomo Medici a Janiba ta Suwizalan, suka sami dubban hotunan kaya, wasu da ƙasar kabari a jikinsu, kuma kotu a Roma ta same shi da laifi a 2004. Har yau ana amfani da waɗannan hotuna, da na wasu dillalan da aka kama daga baya, wajen gano kaya a kundayen gwanjo, ana cire su ana saura kwanaki a sayar. A 2023 Girka ta karɓo kaya 351 daga tarin kamfanin dillalin Birtaniya Robin Symes bayan shari'a ta shekaru. Wanda aka karɓe abu daga hannunsa ba kasafai yake samun kuɗinsa ba, sai in wanda ya sayar masa yana nan kuma ya yarda ya biya.

Saboda haka silsilar mallaka mai ƙarfi ita ce wadda ke da suna da shekara da hujja: tsohon rasit, lambar kaya a kundin gwanjo da aka buga, hoto mai kwanan wata, tambarin tsohon mai tari a manne a gindi, ko ambato a wata mujallar masana. Kalamai irin su "daga tarin wani dattijo a Suwizalan" ko "an saya a shekarun 1980" ba silsila ba ce, labari ne. A nemi shaidar cewa an duba abin a rajistar kayan fasahar da suka ɓace ta Landan da kuma rumbun bayanan Interpol, tare da sanin cewa waɗannan suna kama abin da aka sace daga gida ko gidan tarihi ne kawai. Wanda aka tono daga kabari babu wanda ya taɓa rubuta shi, balle a ba da cigiyarsa.

Inda za a saya

Manyan gidajen gwanjo irin su Christie's da Bonhams suna da ƙwararru, suna buga tarihin mallaka, suna kuma ba da rahoton lafiyar kaya idan an nema, wanda ya kamata a nema a rubuce kowane lokaci. Tsadarsu ita ce la'adar mai saye, wadda kan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na farashin da aka buga guduma a kai, ko fiye, ban da haraji, kuma garantinsu na ƙayyadadden lokaci ne da sharuɗɗa masu tsauri. Dillalin da ke cikin ƙungiyar dillalan tsoffin kayan tarihi ta duniya, IADAA, farashinsa kan ɗara na gwanjo, amma yana ba da lokacin tunani, yana yarda a kawo masani ya duba, kuma ƙa'idar ƙungiyarsu ta ɗora masa mayar da kuɗi idan abu ya tabbata jabu. Ga mai sayen abu na farko, wannan ƙarin kuɗin ya fi masa sauƙi a kan kuskure. Ƙananan gidajen gwanjo na larduna a Ingila da Jamus da Faransa wani lokaci suna fito da kayan gado na gaske da arha, sai dai ba su da masanin wannan fanni, nauyin bincike duk yana kan mai saye. Shafukan intanet da kowa ke iya kafa kaya kuwa, da tallan Facebook, cinikin biri a sama ne, kuma "takardar shaidar asali" da mai sayarwa ya rubuta wa kansa ba ta ɗaure kowa.

A lissafa kuɗin da ke biyo bayan saye tun kafin a yi tayi. Fitar da kayan tono da suka haura shekara 100 daga Tarayyar Turai na bukatar lasisi komai ƙanƙantar darajarsu, samunsa kuma kan ɗauki makonni, kuma tun 28 ga Yuni 2025 shigar da kayan tono da suka haura shekara 250, waɗanda asalinsu ba daga ƙasashen Tarayyar ba ne, irin na Turkiyya, cikin Tarayyar ma sai da lasisi da hujjar cewa sun bar ƙasarsu bisa doka, abin da zai shafi duk wanda ke tunanin sake sayar da irinsu a can wata rana. Sai inshora, da kamfanin da ya ƙware a ɗaukar kayan fasaha, wanda zai sa abu a akwati cikin akwati da soso da aka yanka daidai jikinsa. Wanda zai shigo da shi Najeriya ya adana takardun kwastam da na saye wuri ɗaya, domin fitar da kayan tarihi daga ƙasar na bukatar izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, kuma jami'in filin jirgi da ya ga tsohon gasasshen yumɓu ba dole ne ya bambance na Biyotiya da na Nok ba. A gida kuma a ajiye shi cikin akwatin gilashi mai rufi, nesa da rana da ƙurar hunturu, kada a wanke shi da ruwa ko a goge shi da tsumma, domin farin shafen da ragowar fentin suna bin hannu. Sauyi tsakanin laimar damina da bushewar rani yana tayar da gishirin da ke cikin yumɓu ya riƙa ɓare fatar abin, don haka a sa 'yan ƙunshin sinadarin tsotse laima a cikin akwatin, a riƙa sauya su, kuma idan aka ga farin gari ya fara fitowa a jiki a kai shi wurin mai gyaran kayan tarihi ba tare da jinkiri ba.